Idan ka ji mutanen Montreal suna faɗa a kan yaro ɗan shekara 18

Ɗan'uwa, idan saukarka Montreal ta zo daidai da ƙarshen watan Yuni, abu biyu za ka tarar sun cika gari. Na farko kwasar kaya, domin ranar 1 ga Yuli ce yawancin hayar gidaje ke ƙarewa a lardin Kebek na ƙasar Kanada, sai ka ga katifu da firji a bakin kowane titi. Na biyu gardama: a rediyo, a cikin bas, a wurin aiki, manya masu furfura suna ɗaga murya a kan sunan wani yaro da bai ko fara gemu ba. Kada ka tsorata, kada kuma ka yi musu kallon marasa aikin yi. Zancen hoki ne, wato ƙwallon gora na kan ƙanƙara, kuma wannan gardamar na cikin ƙofofi masu sauƙi da baƙo zai bi ya shiga cikin mutanen garin nan.

Mu da muka taso da kallon ƙwallon ƙafa na Turai mun saba da cewa mai kuɗi ke sayen gwani, wanda ya zo na ƙarshe kuma ya faɗa rukuni na ƙasa. A gasar NHL ta Kanada da Amurka ba haka ba ne. Ƙungiyoyi 32 ne, babu mai faɗuwa, kuma akwai iyakar kuɗin da kowace za ta kashe a albashi. Sau ɗaya a shekara ake jera matasan duniya da suka kai shekara 18, ƙungiyoyi su riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya har zagaye bakwai. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ke fara zaɓe, bayan an yi ƙuri'a a tsakaninsu. Wadda ta zo ta ƙarshe ƙwal tana da damar da ta kai kusan kashi 25 cikin 100 ta samu zaɓen farko. Shi ya sa a watan Maris za ka iya jin mai goyon baya na haƙiƙa yana fatan a ci ƙungiyarsa. Ba hauka ba ne, yaron Yuni yake hange. Da Faransanci ana kiran wannan zaɓe repêchage. Riƙe kalmar, za ta yi maka amfani, musamman ku 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da kuka zo da harshen a bakinku.

Ƙungiyar garin ita ce Canadiens, ana ce mata Habs ko CH. An kafa ta a 1909, ta ɗauki kofin Stanley sau 24, babu wadda ta kai ta, amma rabonta da shi tun 1993. A 2021 ta kai wasan ƙarshe Tampa Bay ta doke ta, shekarar da ta biyo baya kuma ta zo ta ƙarshe a duk gasar. Sai ƙuri'a ta faɗo mata, kuma aka yi dace a garin za a yi zaɓen, a filin Centre Bell mai cin mutum kimanin 21,000, daren Alhamis 7 ga Yuli, 2022.

Shekara da shekaru ana cewa Shane Wright ne zai zama na ɗaya. Ɗan Kanada ne, kyaftin ɗin ƙungiyar matasa ta Kingston, ɗan tsakiya, wanda tun yana shekara 15 aka ba shi izini na musamman ya buga da waɗanda suka girme shi. Wasu har sun buga sunansa a bayan jar rigar ƙungiyar sun shigo da ita filin. Manajan ƙungiyar, Kent Hughes, ya hau dandamali ya kira Juraj Slafkovský, wani dogon yaro ɗan Slovakiya da ke buga gefe a ƙungiyar TPS ta Finlan. Fili ya rabu biyu, wasu na sowa wasu na ihu. Yaron fa ba ƙyalle ba ne: a gasar Olamfik ta Beijing a watan Fabrairun shekarar ya ci ƙwallo bakwai, aka zaɓe shi gwarzon gasar, ƙasarsa ta samu tagulla. Wright kuwa New Jersey ta tsallake shi, Arizona ta tsallake shi, sai a na huɗu Seattle ta ɗauke shi. Da ya hau dandamali ya yi wani kallo wajen teburin Montreal, wanda har yau ake yawo da hotonsa, ko da yake shi ya ce kyamara yake kallo.

Washegari Juma'a ce, ranar Arfa, ina azumi, na shiga aiki a sito ɗin da nake a lokacin. Akwai wani dattijo Bakebeke da muka shekara muna ɗaga kwalaye tare, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na same shi fuska a murtuke. Na ce masa na ga labarin jiya amma ban gane abin fushin ba, tunda kowa ya ce yaron gwani ne. Ya ajiye kofin gahawarsa, ya ce in zauna. Hutunmu na minti goma sha biyar ne, bai ishe shi ba, sai da ya ƙarasa min da rana.

Abin da ya ba ni labari shi ne 1980, lokaci na ƙarshe kafin wannan da ƙungiyar ta samu zaɓen farko. Akwai wani ɗan gari mai jin Faransanci, Denis Savard, da kowa ya sa rai a kansa. Shugabanni suka ɗauki Doug Wickenheiser daga Saskatchewan. Chicago ta ɗauki Savard a na uku, ya zama tauraro, ya shiga zauren gwanayen wasan. Wickenheiser kuwa bai taɓa samun sakewa a Montreal ba, aka yi ta auna shi da wanda ba a ɗauka ba, har aka sallama shi ga St. Louis a 1983. Ya rasu a 1999 da ciwon daji yana da shekara 37. Dattijon ya faɗi wannan ƙarshen da murya ƙasa-ƙasa, ya ce mutanen gari ba su kyauta wa yaron ba, kuma shi ma yana cikin masu ihun a lokacin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ihun 2022 tsoron 1980 ne. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani abu da ya fi wasa zurfi: ga masu jin Faransanci ƙungiyar nan tuta ce. Tambayi kowane tsoho labarin tarzomar 17 ga Maris, 1955, bayan an dakatar da tauraron ƙungiyar, Maurice Richard, za ka gane dalilin da ya sa sunan yaro ɗaya ke taɓa zuciyarsu haka.

Tun daga ranar nake da aboki a wurin. Shi ya nuna min yadda ake karanta takardar haya, shi ya faɗa min lokacin da doka ta tilasta sa tayoyin hunturu. Ban burge shi da sani ba, ba ni da shi. Tambaya na yi da gaske, na kuma saurara. Wannan ce shawarata ta farko gare ka: kada ka haddace sunaye ka je kana yanke hukunci kamar an haife ka a unguwar Verdun. Za su gane nan take. Ka ce kai baƙo ne, ka tambayi mutum wa ya so a ɗauka, kuma don me.

Mukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a kan yaro ɗan shekara 18 maganar ba ta cika tsayawa ba. Slafkovský ya ci ƙwallo huɗu kacal a wasa 39 a kakarsa ta farko, ya ji rauni, masu ihu suka ce ai mun faɗa. A ta biyu ya ci 20, ƙungiya ta ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 60.8, waɗanda suka yi masa ihu suka sayi rigarsa. A wancan zaɓen dai na 2022, can a lamba ta 62, lokacin da hankali ya riga ya watse, suka ɗauki wani ɗan ƙaramin mai tsaron baya, Lane Hutson. Shi ya ci kyautar gwarzon sabon ɗan wasa na duk gasar a 2025.

Akwai inda ba na so ka bi su. A 2023 Montreal ke da zaɓe na biyar, jama'a na son ɗan Rasha Matvei Michkov, sai aka ɗauki David Reinbacher, mai tsaron baya ɗan Ostiriya. Fushin bai tsaya a kan shugabanni ba. Mutane suka bi yaron shafukansa na intanet da zagi da baƙaƙen saƙonni, yaron da bai zaɓi kansa ba, wanda iyayensa ke zaune suna murnar ranar da suka daɗe suna jira. Abin ya dame ni ƙwarai, kuma ya dami mutanen garin da yawa, don sun fito sun yi tir. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela ka nemi tsumma ka ɗaura, amma ban da wannan jelar. Mu da muka san ɗacin a raina mutum saboda inda ya fito bai kamata hannunmu ya shiga ciki ba. Ka lura da yaranka musamman, su ne za su fara shiga waɗannan zaurukan na Facebook da Instagram tun kai ba ka san sunan wasan ba. Shekara ɗaya bayan nan, da mawaƙiyar Kebek Céline Dion ta kira sunan Ivan Demidov a matsayin zaɓen Montreal a Las Vegas, mutanen nan dai su ne suka kwana suna murna.

Sai ƙananan abubuwa da za su raba ka da kunya. Idan ka shiga shagon gwanjo neman kayan sanyi, duba tambarin da ke jikin riga ko hula kafin ka saya. Shuɗiya mai ganye ta Toronto ce, baƙa da rawaya mai harafin B ta Boston ce, duka biyun manyan abokan hamayya ne. Ba wanda zai taɓa ka, amma tsokana za ka sha ta. A wurin aiki za a iya gayyatarka shiga wani wasa da ake ce wa pool, inda kowa ke zaɓen 'yan wasa ana tara maki. Tambayi ko da kuɗi a ciki, domin sau da yawa akwai, kuma idan ka ce addininka bai yarda da caca ba za su fahimta. Tallar caca ta cika talabijin a lokacin wasa tun da aka sassauta dokar a 2021, ka tsare wayarka da ta yaranka. Kallo kuma galibi a mashaya ake taruwa. Ba dole ne ka je ba. Ka kira maƙwabci gida daren Asabar, ka kunna tashar da ke nuna wasan da Faransanci, ka dafa shayi, kunnenka ma zai ƙaru da Faransancin Kebek.

Idan wani ya tambaye ka ko mutanenku na buga wasan, kana da amsa. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, Dallas ta ɗauke shi na 11 a 1995, ya zama kyaftin ɗin Calgary, ya ci ƙwallo sama da 600. Ɗansa Tij aka ɗauka na shida a 2024. Sa yaro a ƙungiyar hoki yana da tsada, kayan kaɗai sun isa su girgiza albashin sabon zuwa, don haka kada ka yi alkawari da wuri. Amma daga ƙarshen Disamba, in sanyi ya kama, hukumomin unguwanni na zuba filayen ƙanƙara a wuraren shaƙatawa, shiga kyauta. Takalmin zamiya na hannu ba ya tsada. Ka saya wa yaro wanda ya kama ƙafarsa daidai, ba mai girma don baɗi ba, ka kai a wasa masa ƙarfen ƙasan, kuma kada ya hau ƙanƙara sai da hular kwano.