Yadda Ake Yi wa Majinyaci Bayani Kafin Aikin Furostet

Duk likitan da ya daɗe a sashen tiyatar mafitsara ya san cewa tambayar da ta fi damun majinyaci ba ta cika fitowa yana zaune ba, sai ya miƙe ya kama hannun ƙofa. A ɗauki dattijo mai shekara 60 da 'yan kai wanda ya dawo asibiti mako 6 bayan an kankare masa furostet, wato naman da ke kewaye da bututun fitsarin namiji a ƙasan mafitsara. Ya ce fitsari yana fita lafiya, ya daina tashi sau biyar cikin dare, ya yi godiya, ya ɗauki katinsa. Sai da ɗansa ya riga shi fita, sannan ya juyo, ya sassauta murya ya ce, "Likita, tun da aka yi aikin nan, in na kusanci iyali ba abin da ke fitowa. Ko an yanke wani abu ne?" Aikin ya yi kyau, kuma abin da ya same shi yana samun kusan mutum biyu cikin uku da aka yi wa irin wannan aiki. Laifin da aka yi masa ɗaya ne, wato ba a gaya masa ba tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata. Wannan jagora na ma'aikatan lafiya ne da ke zama da irin wannan majinyaci, ko da yake majinyacin da iyalinsa ma za su ga abin da ya kamata su nema a gaya musu.

Abu na farko shi ne a raba ranar bayani da ranar aiki. Mutumin da ya kwana bai ci ba, yana sanye da rigar tiyata, ana jiransa da gadon turawa, zai sa hannu a kan kowace takarda aka miƙa masa, amma ba za a ce ya yanke shawara ba. A yi zaman a ɗakin ganin likita, kwanaki ko makonni kafin aikin, a tambaye shi wanda yake so ya zauna tare da shi. Ɗa ko mata suna taimakawa wajen riƙe bayani, sai dai akwai maganar da uba ba zai yi a gaban ɗansa ba, don haka likita ne zai nemi uzuri da kansa, ya ce, "Baba, akwai abin da nake so mu tattauna mu biyu, bari yaronku ya ɗan jira mu a waje." Majinyaci ba zai nemi hakan da bakinsa ba, amma yakan ji sauƙi idan an nema masa.

Daga nan sai a ɗauki takarda da biro a zana. Mafitsara a sama, bututun da fitsari ke bi a ƙasa, furostet kuma ta kewaye bututun daidai inda ya baro mafitsara. A jikin saurayi nauyinta bai wuce kimanin giram 20 ba, amma tana ƙara girma da shekaru har ta matse hanyar, shi ya sa fitsari ke fita da ƙyar, ko ya tsaya cak. A wannan zanen ne ya kamata a warware ruɗanin da ya fi yawa, domin mutane da dama da zarar sun ji an ce furostet ta kumbura sai su ɗauka cutar kansa ce, wato ciwon daji. Kumburin tsufa daban, kansa daban, kuma aikin da ake yi musu ma daban. A na kumburi ana buɗe hanya ne ta ciki, a bar ɓawon furostet a wurinsa. A na kansa kuwa ana cire ta gaba ɗaya. Wanda aka yi wa aikin kumburi yana iya kamuwa da kansa daga baya a ragowar naman, kuma ya kamata ya ji wannan tun yanzu.

Kafin a ambaci kowane aiki, a fara jin abin da ya kawo shi. Akwai takardar tambayoyi 7 da ake kira IPSS wadda ke auna tsananin matsalar fitsari daga maki 0 zuwa 35, inda 20 zuwa sama ke nuna matsala mai tsanani. Tana da amfani, amma tambaya ta ƙarshe da ke biye da su, wadda ke cewa yaya zai ji idan zai ƙare rayuwarsa a haka, ita ce ta fi nuna alƙibla. Mutum biyu suna iya samun maki ɗaya, ɗaya ya ce ya saba, ɗaya ya ce ya daina tafiya mai nisa saboda tsoron jiƙa wando. A tambaye shi kai tsaye ko yana saduwa da iyali, da kuma ko yana fatan ƙarin haihuwa, ba tare da an duba furfurarsa an yanke masa hukunci ba. A karɓi jerin magungunan da yake sha, musamman masu tsinka jini irin su wafarin da asfirin, kuma a gargaɗe shi kada ya dakatar da su da kansa sai an tuntuɓi likitan da ya rubuta masa.

Bayanin zaɓi yana farawa ne da abin da ba aiki ba. Mai matsala kaɗan yana iya jira ana duba shi. Akwai maganin tamsulosin, wanda ke sassauta tsokar wuyan mafitsara cikin 'yan kwanaki amma yana iya kawo jiri, da finasterayid, wanda ke rage girman furostet amma sai an yi kimanin wata 6 ana sha kafin a ga amfaninsa, kuma yana rage sakamakon gwajin jini na PSA, wanda ake neman alamar kansar furostet da shi, da kusan rabi, abin da zai iya ɓoye alamar kansa idan mai karanta sakamakon bai sani ba. Wani ƙaramin abu da ake yawan mantawa shi ne, mai shan tamsulosin da za a yi wa aikin yanar ido dole ya sanar da likitan idon, domin tun 2005 aka gano cewa maganin yana sa aikin ya yi wuya. Amma idan fitsari ya sha tsayawa, ko ƙoda ta fara taɓuwa, ko tsakuwa ta taru a mafitsara, ko ciwon sanyin fitsari ya yi ta dawowa, to a faɗa masa a fili cewa lokacin jira ya wuce.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne bayanin ire-iren aikin, domin a shekarun nan sun yi yawa, kuma kowanne yana zuwa da tallarsa. Tsohon aikin da aka fi sani shi ne TURP, inda ake zura na'ura ta bututun fitsari a kankare naman ciki ba tare da an tsaga ciki ba. Ya fi dacewa da furostet mai matsakaicin girma, tsakanin mililita 30 zuwa 80. Akwai HoLEP, aikin leza da aka ɓullo da shi a ƙasar Niyu Zilan a ƙarshen shekarun 1990, wanda ke ɓare naman ciki gaba ɗaya kuma yana iya ɗaukar furostet komai girmanta, da ƙarancin zubar jini, sai dai ɗigar fitsari ta 'yan makonni ko watanni takan biyo baya, kuma koyon aikin yana ɗaukar likita lokaci. Duka biyun suna buɗe hanya sosai, kuma duka biyun sukan sa maniyyi ya koma baya ya faɗa mafitsara maimakon ya fito waje. A yi masa bayanin wannan dalla-dalla: maniyyin zai fita tare da fitsari daga baya, ba ya cutar da jiki, yawancin mutane suna ci gaba da jin daɗin saduwa, amma samun haihuwa zai yi wuya, ko da yake ba a dogara da shi a matsayin hanyar tsara iyali.

Sababbin hanyoyin, irin su UroLift da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2013, wanda ke ɗaure naman gefe da 'yan ƙananan maɗaurai, da Rezum da ta amince da shi a 2015, wanda ke ƙona naman da tururin ruwa, an yi su ne musamman don kauce wa wannan matsalar, kuma galibi suna barin fitar maniyyi yadda take. Abin da ake biya a madadin haka shi ne ba su buɗe hanya kamar TURP, ba su dace da furostet mai girma sosai ba, kuma yiwuwar a sake wani aiki nan gaba ta fi yawa. A ganina nan ne likita ya fi sauƙin zamewa, domin kowa yakan karkata zuwa aikin da hannunsa ya saba da shi. Wanda asibitinsa ba shi da wata na'ura ya faɗi cewa akwai ta a wani wuri, ya bar majinyaci ya auna da kansa. Mai shekara 55 da bai daɗe da aure ba da mai shekara 80 da robar fitsari ta ishe shi ba za su zaɓi abu ɗaya ba, kuma kowannensu yana da hujja.

Idan maganar kansa ce wadda ba ta bazu ba, abin da ya kamata a fara cire wa majinyaci shi ne gaggawa. Binciken ProtecT da aka yi a Birtaniya ya raba maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69 gida uku: aiki, gashi da haske mai kashe ƙwayoyin kansa, da sa ido ana gwaji a kai a kai. Bayan shekara 15, a sakamakon da aka fitar a 2023, waɗanda kansar ta kashe ba su wuce kimanin 3 cikin 100 ba a kowane rukuni. Bambancin ya fito ne a wani wuri: kansar ta bazu a jikin kimanin 9 cikin 100 na waɗanda aka sa wa ido, alhali a sauran rukunan biyu kimanin 5 ne. A ɗaya gefen kuma, wata 6 bayan aiki, kusan rabin waɗanda aka cire wa furostet suna sa ƙunzugu saboda ɗigar fitsari, adadin ya ragu zuwa 17 cikin 100 bayan shekara 6. Masu ƙarfin gaba da ya isa saduwa kuwa sun sauko daga 67 cikin 100 kafin magani zuwa 12 a watannin farko bayan aiki. Dole a ƙara masa da cewa yawancin mutanen binciken kansarsu ba mai zafi ba ce, don haka wanda gwajin namansa ya nuna mai tsanani ba zai jingina da waɗannan alƙaluma ya ƙi magani ba.

Yadda ake faɗin alƙaluman ma yana da tasiri. Kalmomi irin su "ba kasafai ba" ko "wani lokaci" kowa da yadda yake fassara su. Ya fi kyau a ce, "Baba, in aka tara mutum 100 irinku aka yi musu wannan aiki, kimanin kaza za su samu wannan matsala, sauran ba za su samu ba," a faɗi ɓangarorin biyu, kuma kada a sauya ma'auni a tsakiyar magana, a ce ɗaya cikin 10 nan, a ce kashi 5 can. Likitan da ke da lissafin sakamakon ayyukan da ya yi da hannunsa ya faɗe shi, domin shi ne ya fi kusa da gaskiyar abin da zai samu wannan mutum.

Majinyata da yawa yanzu suna zuwa da tambayar aikin mutum-mutumi, wato na'urar da Vinci da aka amince da ita a Amurka a shekarar 2000. A bayyana musu cewa likita ne ke sarrafa ta daga farko har ƙarshe. Tana rage zubar jini da kwanakin kwanciya a asibiti, amma gwajin da aka yi a Ostireliya wanda aka buga a 2016 bai sami bambanci a riƙe fitsari ko ƙarfin gaba tsakaninta da aikin tsaga ciki ba. Hanyar kare jijiyoyin da ke tayar da gaba, wadda Patrick Walsh ya fara a asibitin Johns Hopkins a 1982, tana taimakawa, sai dai ba a alƙawarta ta, domin idan kansar ta kusanci jijiyar dole a haɗa da ita a cire. Bayan cire furostet gaba ɗaya babu sauran maniyyi kwata-kwata, saboda haka mai son haihuwa a yi masa maganar adana maniyyi kafin aiki.

Doka ma ta matsa zuwa wannan ɓangare. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Montgomery, ta yanke cewa wajibi ne likita ya faɗi duk haɗarin da mai hankali a matsayin majinyacin zai ɗauka da muhimmanci, tare da sauran zaɓin da ke akwai, maimakon ya tsaya a abin da likitoci suka saba faɗa. Hukuncin na ƙasarsu ne, amma ma'aunin ya dace da kowane ɗakin ganin likita. A rubuta a fayil abin da aka tattauna da abin da majinyaci ya ce ya fi damunsa.

Saura bayanin kwanakin bayan aiki, wanda shi ne iyali suka fi buƙata. Zai farka da robar fitsari, ta kwana 1 zuwa 3 bayan TURP, ta mako 1 zuwa 2 bayan cire furostet. Ganin ɗan jini a fitsari na wasu makonni ba abin tsoro ba ne, ya yawaita shan ruwa, ya guji ɗaukar kaya mai nauyi da yunƙuri a bayan gida. Amma zazzaɓi da rawar sanyi, ko gudajin jini masu kauri, ko tsayawar fitsari, suna nufin a dawo asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne. A koya masa motsa tsokar da ke riƙe fitsari tun kafin aiki, domin koyonta da roba a jiki ya fi wuya. Kafin ya tashi, kada a tambaye shi ko ya gane, don zai ce ya gane saboda kara. A ce masa, "Baba, in kun koma gida iyali suka tambaye ku abin da likita ya ce, me za ku gaya musu?" Inda ya yi tuntuɓe a amsarsa, nan za a sake ɗauko biro a koma kan zanen, sannan a ba shi takardar ya tafi da ita, da ranar da zai dawo ya faɗi abin da ya zaɓa.