Kurakuran da aka fi yi wajen canza tayar baya ta babban babur a gida

Wanda ya saba ganin mai faci ya kwance tayar Boxer a gindin bishiya ya mayar kafin shayi ya huce, zai ɗauka haka abin yake a kowane babur. Honda Shadow da Kawasaki Vulcan da Yamaha Virago ba haka suke ba. Nauyin yawancinsu ya haura kilo 200, tayar bayansu tana cuse tsakanin salansa da murfin taya, da yawansu kuma ba su da jak na tsakiya. Aikin yana yiwuwa a tsakar gida, ni ma can nake yin nawa, amma mafi yawan ɓarnar ba wajen sa tayar ake yin ta ba, sai kafin a fara da bayan an ɗauka an gama.

Kuskuren farko tun a kasuwa ake yin sa. Mutum ya shiga kasuwar Panteka ta Kaduna ko wani shagon kayan babur, ya ga taya mai zane raɗau, ya matsa da yatsa, ya biya. Zane ba ya faɗin shekaru. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta wuce shekara 5 tana buƙatar sa ido, wadda ta kai 10 kuwa ko kyauta ce a bar ta, domin robar ta bushe, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba ta kama ƙasa. Tayoyin gwanjo nan ne suka fi cutar mutane. Sai girma: in tsohuwar 170/80-15 ce, wato faɗi milimita 170, tsayin gefe kashi 80 cikin ɗari na faɗin, rim inci 15, to irinta za ka nema. Masu ƙara faɗi don ado sukan tarar taya tana gogar sarƙa ko bel.

Ɗaga babur shi ne wurin da na fi jin tsoro. Na ga wanda ya jera bulo biyu a kan rairayi ya ɗora injin a kai. Da zarar an zare tayar baya, nauyi ya koma gaba, baburin ya karkata, kuma ba wanda zai tare kilo 200 da hannu ɗaya. A nemi daɓen siminti, a sa jak mai faɗi a ƙarƙashin firam, a ɗaure tayar gaba, a ja igiya hagu da dama. Babban notin sandar taya kuma a sassauta shi tun babur yana ƙasa. Wanda ya bari sai ya ɗaga sannan ya hau sufana da ƙarfi, shi zai ture shi da kansa.

Kafin ka zare sandar, ɗauki hoto da waya. A kowane gefen taya akwai zoben ƙarfe da ke tsayar da ita a tsakiya, sau da yawa na hagu da na dama tsayinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake a ido sun yi kama. Wata rana na musanya su. Taya ta shiga, noti ya ɗauru, na fita gwaji. Ban kai gadar Kawo ba na fara jin ƙauri, na tsaya na kai hannu kusa da faifan birki, zafi yana bugo tafina tun ban taɓa ba. Faifan yana gogar birki tun daga gida. Tun ranar nake shimfiɗa kwali, kayan hagu a hagu, na dama a dama, a jere yadda suka fito. Gidan birki, wato ƙarfen da ke matse faifan, kada a bar shi yana reto a jikin tiyonsa, a rataye shi da waya. Kada kuma a bar yara su taka birki alhali faifai ba ya ciki, bakin zai haɗe. In za ka kwantar da tayar, sa katako biyu a ƙasa, faifan da ya lanƙwashe ba ya miƙewa.

Wajen sa sabuwar taya, abin da mutane ba su gane ba shi ne rim yana da kwari a tsakiyarsa. In kana ɗaga bakin taya da liba a wannan gefe, dole ɗaya gefen ya faɗa cikin kwarin nan, ka danne shi da gwiwa. In ka ji liba tana neman karyewa, ba ƙarfi ne ya gaza ba, bakin tayar ne ya fito daga kwari. Ƙara ƙarfi yana tsinka wayar da ke cikin bakin, ko ya tsage tiyub. Ka shanya tayar a rana ta yi laushi, ranar Kaduna ta isa, ka shafa ruwan sabulu. Baƙin mai da giris ba su da wuri a nan: suna cin roba, ba sa bushewa, taya za ta iya zamewa a kan rim in an taka birki. Kafin liba ta farko, dubi kibiyar da ke gefen taya, ita ke nuna inda za ta riƙa juyawa. In akwai ɗigon fenti, yawanci ruwan ɗorawa, a daidaita shi da bawul. Rim mai wayoyi yana son sabon tiyub, a ɗan hura masa iska kaɗan kafin a cusa don kada ya naɗe.

Wajen hura iska don baki ya zauna, kada a wuce 40 PSI a geji. In bai zauna ba a sace iskar, a ƙara sabulu, a sake. Lambar iska da ke jikin taya iyakar abin da za ta ɗauka ce, iskar da baburinka yake so tana cikin littafinsa ko a takardar da ke manne a firam, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Ka kai ta a daidaita mata nauyi, in ba haka ba a hanyar Zariya za ka ji kujera tana karkarwa.

Masu manyan Virago da Suzuki Intruder, da ke tafiya da shaf, wato sandar ƙarfe mai juya tayar baya, a maimakon sarƙa, akwai haƙoran da taya ke shiga a jikin giyar baya. A wanke su, a shafa giris mai moli, wato mai sinadarin molybdenum. In suka bushe, ƙurar hunturu ta shiga, cinyewa suke yi, kuma samun madadinsu a nan wahala ne. Mai bel kada ya ɗaga shi da sukundireba. Mai sarƙa ya daidaita alamomin hagu da dama, ya bar mata ɗan sako-sako yadda littafin ya ce.

Babban noti yana da awonsa, ba a hawa kan sufana da ƙafa. Ara sufana mai awo, ka sa sabon fil mai hana notin kwancewa a maimakon tsohon da aka lanƙwasa. Juya tayar da hannu ka saurara. Sannan, kafin ka buɗe ƙofar gida, taka birkin baya sau da yawa har ka ji ya yi tauri, domin takun farko bayan an mayar da gidan birki yakan tafi ƙasa babu kamu. Sabuwar taya kuma tana da santsi: kilomita 150 na farko a bi kwana a hankali, balle da damina, a dawo a sake duba noti da iska.