Kada ku zubar da ɓawon gahawa a rafi

Salamu alaikum 'yan uwa manoman gahawa, musamman na tsaunin Mambila, daga Gembu har zuwa Kusuku.

Kullum lokacin girbi ina ganin ana tula jan ɓawon gahawa a bakin rafi bayan an ɓare 'ya'yan. Wallahi abin yana ci mini rai. Ruwan da jama'a ke sha ya ɓaci, ga kuma taki kyauta an yi asararsa.

Amma kada a zuba shi ɗanye a gindin bishiya, yana da tsami, kuma yana ɗaukar zafi idan ya fara ruɓewa. A samu inuwa a shimfiɗa ɓawon, a bi shi da kashin shanu, sai busasshiyar ciyawa da ɗan toka, a yi ta jerawa har tsibin ya kai ƙugu. A lulluɓe da ganyen ayaba saboda ruwan saman nan namu mai yawa. Duk mako biyu a juya da shebur. Na kan soka sanda a tsakiya, in na zaro na ji ɗumi, to aiki na tafiya. Cikin wata uku za ka ga ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa.

Da farkon damina a zuba shi zagaye, daidai inda rassa suka ƙare, kada ya taɓa jikin bishiyar. A gangare kuwa sai an rufe da ciyawa, in ba haka ba ruwa zai kwashe shi.