Yadda za ka ci abincin titi a Bankok ba tare da alade ya shiga cikinka ba

'Yan Birnin Kebbi da Jega da Argungu masu tahiya Tailan saro kaya, da yawanku in kun gama da kasuwar Pratunam sai ku lallaɓa Nana Soi 3 wajen Larabawa ku ci shinkafa da kaza ku koma otal, har ku dawo gida ba ku san hannun girkin ƙasar ba. To akwai masu zagayawa da baƙi wuraren abincin titi da marece, ka biya kuɗi a haɗa ka da ɗan jagora, awa uku ko huɗu kuna tsayawa rumfa rumfa kuna ɗanɗanawa.

Tun kafin ka biya ka hwaɗa musu kai Musulmi ne, kada ka bari sai an ɗora maka faranti. In da hali ka nemi zagayen halal, akwai shi. Wanga shi ne babban abu, don mutanen nan alade suke sawa ko'ina, cikin romo, cikin man suya, har ƙwallayen naman da ke yawo cikin taliya. Yaowarat, unguwar 'yan Sin da ake yawan kai baƙi, abincinta ya yi suna ƙwarai amma mafi yawansa ba naka ba ne. Ka ce a bi da kai Bang Rak wajen masallacin Haroon, ko Ramkhamhaeng inda Musulmi suke da yawa.

Akwai wani nama da ake gasawa a tsinke bakin hanya, wallahi in ka hango shi ka ce tsiren mahautan gida ne, ƙamshi har tsallaken titi. Sunansa mu ping, alade ne, wuce abinka. Duk inda ka ji kalmar "mu" a sunan abinci to alade ne a yarensu, kalmar "kai" kuwa kaza ce. Kuma cewa a cire maka naman ba ya wadatarwa tunda kasko ɗaya ne. Ka duba tambarin halal mai rubutun Larabci a jikin amalanken, ko ka ga mai abincin da hijabi ko hula, ka yi sallama ka zauna.

Mi za ka ci? Fara da khao mok kai, shinkafa ce mai ruwan ɗorawa da kaza, girkin Musulmin ƙasar. Sai massaman, miya mai madarar kwakwa da dankali da gyaɗa. Pad thai taliyar shinkafa ce da ƙwai da jatan lande, a matsa lemun tsami a kai. Som tam kuwa ɗanyar gwanda ake kirɓawa a turmi da barkono, Hajiya ko kina taƙama da cin yaji ki ce "mai phet", wato ban da yaji, a rage miki, barkononsu ƙanana ne amma ba su da mutunci. Ruwan kifin da suke zubawa a girki yana da ƙarni, mu 'yan bakin gulbi bai dame mu ba. A ƙarshe mangwaro da shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa, ko roti mai ayaba, wani soyayyen ƙullin fulawa mai faɗi, shi ma galibi Musulmi ka soya shi.

Kada ka cika ciki a rumfar farko, saura na gaba. Ka zaɓi inda 'yan gari sunka yi layi kuma ana girkawa gabanka, ruwa na gora, ka riƙe ƙananan bat, kuɗin ƙasar, a aljihu don canjin takardar 1000 wuya gare su. Ranar Litinin kuma masu abinci da yawa ba su fitowa, ana sharar titi, sai ka sa zagayenka wata rana.