Yadda Za a Gano Dalilin da Ke Sa Kwamfutar Tafi-da-gidanka Tsayawa a Tsakiyar Wasa

Wasa ya yi nisa, fankar kwamfuta tana gurnani, sai kawai hoton ya sandare, sautin ya maƙale yana nanata kansa, allon ya yi baƙi ƙirin na 'yan daƙiƙoƙi, sannan Windows ta dawo amma wasan ya rufe. Wani lokacin kuma shuɗin allo ne zai bayyana, kwamfutar ta sake tashi da kanta. A irin wannan yanayi abin da aka fi zarga shi ne direban katin hoto, wato manhajar da ke isar da saƙo tsakanin wasan da katin da ke zana abin da ake gani a allo. Zargin yana da tushe, sai dai kafin a fara cire wannan a ɗora wancan, ya kamata a fahimci abin da ya faru.

Tun daga Windows Vista akwai wani tsari da ake kira TDR, wanda aikinsa sa ido a kan katin hoto. Idan aka ba katin aiki ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows takan ɗauka ya maƙale, sai ta sake tayar da direban, kuma baƙin allon da aka gani alamar wannan yunƙurin ne. Idan yunƙurin ya ci tura, sai shuɗin allo ya biyo baya, galibi ɗauke da rubutun VIDEO_TDR_FAILURE. Windows tana ambaton sunan direban ne saboda shi ta tarar yana jiran amsa, ba lallai don shi ne mai laifi ba. Zafi, ƙarancin wuta, ko katin da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa, duk suna iya haifar da wannan saƙon iri ɗaya.

Saboda haka matakin farko shi ne karanta shaidar da kwamfutar ta ajiye. A rubuta Reliability a wurin bincike na Windows a buɗe tarihin da zai fito, inda ake nuna kowace matsala da jan tambari a ranar da ta auku. A cikin Event Viewer kuma, wato kundin da Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a kwamfuta, lamba 4101 tana nufin direban ya daina amsawa aka farfaɗo da shi. Sunan fayil ɗin da ke jikin saƙon shi ke nuna katin da abin ya shafa: nvlddmkm na NVIDIA ne, amdkmdag ko atikmdag na AMD, shi kuwa igdkmd64 na Intel. Amma idan kwamfutar mutuwa take yi ɗif ba tare da shuɗin allo ba, kuma Kernel-Power 41, saƙon da ke nuna kwamfutar ta mutu ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, shi kaɗai aka tarar a tarihin, to an fi kyautata zaton zafi ne ko wutar lantarki, kuma sauya direba sau goma ba zai yi maganin komai ba.

Sai a tambayi kai yaushe matsalar ta soma. Idan wasan yana tafiya lafiya a makon jiya, ya fara tsayawa bayan an sabunta direba, ko bayan Windows Update ya sabunta shi ba da sanin mai kwamfutar ba, hanya mafi sauƙi ita ce komawa tsohuwar sigar. A shiga Device Manager, a buɗe Display adapters, a buɗe Properties na katin, sannan a danna Roll Back Driver a sashen Driver. Masu wasa da yawa sun ɗauka cewa sigar da ta fi sabunta ita ce ta fi kyau, alhali kamfanonin da kansu kan fitar da gyara na gaggawa idan wata siga ta zo da kuskure.

Idan komawa baya bai yiwu ba, ko kuma bai amfana ba, sai a yi wa direban cirewa ta gaske, domin ɗora sabo a kan tsoho yakan bar guntattakin fayiloli da saituna masu karo da juna. Manhajar da aka fi amfani da ita a nan ita ce Display Driver Uninstaller, wadda aka fi sani da DDU. A fara sauke direban da ake so a ajiye shi, sannan a katse intanet, don idan an bar ta a haɗe Windows za ta yi wuf ta ɗora nata direban tun kafin a kai ga wanda aka tanada. Daga nan a tayar da kwamfutar a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobin da suka zama dole kawai, a cire direban da DDU, a sake tayar da ita kamar kullum, a ɗora sabon, sai a mayar da intanet.

A nan ne kwamfutar tafi-da-gidanka ta bambanta da ta tebur, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Yawancin waɗanda aka ƙera domin wasa suna da katin hoto biyu: ƙarami na Intel ko AMD wanda ke cikin furosesa, da babba wanda ke tashi idan aiki ya yi nauyi. A tsarin da NVIDIA ke kira Optimus, babban katin ne ke zana hoton, amma ta hannun ƙaramin yake bi kafin ya isa allo. Ke nan idan direban ƙaramin ya tsufa, wasan zai iya faɗuwa ko da na babban sabo ne fil. A ganina ya fi dacewa a fara gwada direbobin da ke shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, tare da sabunta BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, idan akwai sabuwa, kafin a je na NVIDIA, AMD ko Intel kai tsaye, saboda masu ƙera kwamfutar sun gwada su a kan ainihin wannan samfurin. A kuma duba saitin Graphics na Windows a tabbatar an ba wasan babban katin.

Idan har yanzu matsalar tana nan, sai a lura da lokacin da take zuwa. Wasan da ke faɗuwa da zarar an buɗe shi, matsalarsa ta fi kama da ta manhaja, amma wanda ke tafiya sumul na minti 20 ko 30 kafin ya tsaya, yana nuni ga zafi. A buɗe HWiNFO ko GPU-Z, manhajojin da ke nuna zafin katin, a bar ɗaya tana aiki yayin da ake wasa. Katunan NVIDIA na irin waɗannan kwamfutoci sukan fara rage gudu a wajen digiri 87 na ma'aunin Salshiyas, don haka katin da ke zama a wannan mataki koyaushe yana neman a share masa ƙurar da ta toshe fanka, a ɗaga bayan kwamfutar daga tebur, a kuma daina ɗora ta a kan katifa ko bargo.

Caja ma abar dubawa ce. Na taɓa ɓata kwana biyu ina sauya direba a kan wata kwamfuta, ashe cajarta ta asali mai wat 180 ce ta lalace aka musanya ta da mai wat 65. Bakin ya shiga daidai, alamar caji tana nunawa, amma da wasan ya yi nauyi sai batir ya riƙa zuƙewa har kwamfutar ta mutu. A kwatanta adadin da ke rubuce a jikin cajar da wanda kamfanin ya ƙayyade.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani, muddin ana gwada su ɗaya bayan ɗaya domin a san wanda ya yi tasiri. A mayar da katin kan gudunsa na asali idan an ƙara masa da MSI Afterburner, a kashe allunan da Discord da Steam ke ɗorawa a kan wasa, a gwada DirectX 11 a maimakon 12 idan wasan ya ba da zaɓi, a kuma rage ingancin zane idan katin mai gigabait 4 ne ana neman ya ɗauki nauyin mai 8. Akwai masu ba da shawarar a shiga Registry, ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙara TdrDelay, wato lokacin da TDR ke jira, daga daƙiƙa 2 zuwa 10 ko fiye. Wannan yana da amfani ga masu aikin zane mai nauyi wanda katin ke daɗewa a kansa, amma a wasa yawanci tsawaita sandarewar kawai yake yi, dalilin kuma yana nan inda yake.

Idan an ɗora direba mai tsabta, zafi bai wuce kima ba, caja daidai take, amma ana ganin ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka a allo, musamman tun kafin Windows ta gama tashi, to lamarin ya bar hannun manhaja. A gwada RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, da MemTest86 ko Windows Memory Diagnostic, domin ita ana iya sauya ta a yawancin samfura. Katin hoton kuwa a manne yake da babban allon cikin kwamfutar, ba a zare shi kamar na tebur, don haka idan garanti bai ƙare ba, a kwafe fayilolin da ke cikin C:\Windows\Minidump da bayanan zafin da aka tattara, a miƙa su tare da kwamfutar ga kamfanin da ya ƙera ta kafin wani ya kwance ta.