Yadda ake fito da mutanen ƙauye aikin gayya

Sana'ata sarin masara. Gidana yana Aboabo a nan Kumasi, amma rabin kwanakina a hanyar Mampong zuwa Ejura suke ƙarewa, ina bin ƙauyuka ina auna buhu. A ɗaya daga cikinsu kawuna yake noma. A can na koyi abin da zan faɗa maka, shekarar da famfon rijiyar burtsatse ya lalace, mata suka koma ɗibar ruwa a rafi, yara suka fara gudawa.

Ka fara da rana. Ni da zafin kaina na kira taro ran Litinin, mutum huɗu suka zo, biyu a ciki tsofaffi ne da ko kasuwa ba sa iya zuwa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, Litinin ai kasuwar Ejura ke ci. Wa zai bar cinikinsa ya zo ya zauna maka?" Ka tambayi ranar da garin ba ya zuwa gona. A ƙauyukan Asante da yawa Alhamis ce, ranar Asase Yaa, uwar ƙasa a gargajiyarsu, amma kowane gari da nasa, don haka ka ji daga bakin dattawa. In Musulmi sun fi yawa, bayan sallar Juma'a jama'a na nan a tare. Ka duba watan ma. Damina biyu gare mu a nan, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Mai shuka da mai girbi ba sa jin kira. Janairu da Fabrairu sun fi, hunturu ya shigo, masara ta shiga buhu, kuɗi na hannu.

Kada kiran ya fito daga bakinka, musamman in daga birni ka zo. Ka riƙe goro ka je wurin odikro, wato mai garin, ka je wurin sarkin zongo, liman, fasto da asambuliman, wato kansila, kowa a gidansa kafin ranar. Wanda ya fara jin labari a lasifika alhali shi babba ne, ba zai hana ka ba, zai dai yi shiru, shirunsa kuwa ya isa ya zaunar da mutum ashirin. In sun yarda, mai shela ya buga kuge, wanda Asante ke kira dawuro, a yi sanarwa da Tuwi da Hausa, a sami mai faɗa da Dagbanci ko Konkombanci in akwai su.

Ga inda na fi daɗewa kafin in gane. Yawancin mutanenmu a waɗannan ƙauyuka ba su da ƙasar da suke nomawa. Wani haya yake, wani abusa, a raba amfani uku, wani abunu, a raba biyu. Mutum ya shekara ashirin a gari, 'ya'yansa duk a nan aka yanke musu cibi, har yanzu ana ce masa baƙo. In ka ce masa ya zo a gyara rijiyar gari, a ransa yana cewa garin wa? Ba lalaci ba ne, kuma raina yana ɓaci in na ji 'yan birni suna faɗin haka. Maganin da na gani ya yi aiki shi ne a ba shi riƙo, ba kujerar sauraro kawai ba. Mun sa wani manomi Bakonkombe ya riƙe makullin famfo, wani ɗan zongo ya riƙe littafi, Ba'asante ya shugabanci kwamiti. Washegari danginsu duk sun fito.

Mata kuwa, su ne masu ɗaukar ruwan a ka, amma taron farko ko ɗaya ba ta zo ba, don na sa shi da la'asar, lokacin ɗora tukunya. Na je wurin dattijuwar da ke riƙe musu adashe, wanda a nan ake ce wa susu. Ta ce, "Malam, ka zo ranar zubi, duk za ka same mu." Na je, na zauna a kan turmi a bakin ƙofa, na yi bayani. A gaban maza da yawansu ba sa buɗe baki, amma a nan sai da suka faɗa mini har wanda ya cinye kuɗin gyaran da aka tara a baya. Ka ba su zamansu daban tukuna, sannan su zaɓi biyu su yi magana a babban taro.

Wannan tsohon cin kuɗin shi ne ainihin abin da ya kashe wa mutane gwiwa. Saboda haka ka yanka abin da kowa zai iya, ka bar mai mudun masara ya biya da masara, marar komai ya biya da ƙarfinsa. A rubuta kowane suna. Kuɗi kada su kwana a aljihun mutum ɗaya: a zuba su a MoMo, wato asusun kuɗi na waya, waya a hannun wani, lambar sirri a wurin wani. Duk zama a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita da babbar murya, a ɗaga rasit kowa ya gani, har kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku, da ta ɗauko kayan gyara.

Ranar aiki ka tanadi koko da ƙosai tun da sassafe, ka raba aiki gida-gida don kowa ya san nasa, a tashi kafin rana ta take. Wanda bai zo ba kada a kira sunansa a bainar jama'a. A tura dattijo ya je ya gaishe shi da yamma, ya ji ko lafiya, ya gaya masa ranar zama na gaba.