Yadda Ake Soya Kazar Nashville Mai Yaji

Nashville, babban birnin jihar Tennessee a kudancin Amurka, garin mawaƙa ne. Tun 1925 ake watsa shirin rediyon Grand Ole Opry daga can. Baƙon da ya fito daga gidajen kiɗan titin Broadway da yunwa kuwa, soyayyiyar kaza ja wur da barkono za a fara nuna masa. Gidan abincin Prince's, na wani iyali baƙar fata, shi ya fara sayar da ita a shekarun 1930, kuma tun 2007 har biki ake shirya mata ranar 4 ga Yuli.

Uwargida, sirrin kazar nan shi ne yajin da ake shafa mata bayan ta fito daga mai.

Ki yanka kaza mai kilo ɗaya da rabi gida takwas, ki shafe ta da gishiri babban cokali ɗaya da ɗan masoro, ta kwana a firji. Washegari ki kaɗa ƙwai biyu cikin kindirmo kofi ɗaya. Kowane yanki ki birkiɗa shi a fulawa (kofi biyu ya isa), ki tsoma a kindirmon, ki mayar cikin fulawa. Ki bar su minti goma sha biyar su huta, in ba haka ba ɓawon zai zube a kasko.

Mai ya kai digiri 170 a ma'aunin Selsiyas. Yanka uku ko huɗu za ki riƙa sakawa, don in kika cika kasko zafin man zai sauka, kaza ta sha mai ta yi laɓo-laɓo. Cinya kan ɗauki minti goma sha biyar zuwa sha takwas. Ki tsame a kan raga, ba a kan takarda ba, don takarda tana tara tururi ta kashe ƙamas-ƙamas ɗin.

Sai yajin. A kwanon ƙarfe ki haɗa garin barkono babban cokali huɗu, sukari mai ruwan ƙasa cokali ɗaya, garin tafarnuwa da garin tattasai ƙaramin cokali ɗaya-ɗaya. Ki ɗebi rabin kofi na man suyar, ki jira minti biyu kafin ki zuba. Nan ake yawan ɓata girkin: mai yana tafarfasa zai ƙona barkonon ya yi baƙi da ɗaci, in kuma ya huce sarai yajin zai zauna gari-gari bai saki ƙamshinsa ba. Ki motsa, ki shafa wa kazar tun tana da zafi.

A can, kan yankan farin burodi ake ɗora ta, burodin ya shanye jan man, a sa kokwamba mai tsami a sama. In harshe ya ɗau wuta, ruwa ba ya magani, nono za a sha. Wanda zai saya a Nashville ya tambayi man da aka yi amfani da shi, domin a tsohon haɗin da kitsen alade ake kwaɓa yajin.